Ɓarawon da Ya Yi Alwala

Ƙarfe huɗu saura kwata na yammacin wata Asabar, cikin watan Yuni na 2013, aka bugo wa 'yan sanda waya daga wani gida a garin Bowie, kusa da Washington. An fasa ƙofar baya, an shiga, an yi sata. Mai wayar dattijuwa ce, Turancinta tsaf, amma da aka tambaye ta abin da aka ɗauka sai ta zame ta koma Hausa ba tare da ta lura ba. Abin da ya sa aka tura Davou ke nan.

Davou Dalyop mutumin Jos ne. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin ɗan sanda a Najeriya kafin ya zo Amurka ya sake farawa daga ƙasa. A takarda wani muƙami ake ba shi, amma Hausawan yankin Washington ba ruwansu da takarda. Sufeto suka san shi, Sufeto suke kiransa. Kirista ne, sai dai a tsakiyar Hausawan unguwar Gangare ya tashi, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu masu ita.

Ya isa gidan tare da abokin aikinsa Jerome, haifaffen Baltimore, mutum mai son a gama magana da wuri.

"Fasa gida ne irin na kullum," in ji Jerome da Turanci, yana duban ƙofar kicin da aka fasa wa gilashi.

Davou ya durƙusa. Ƙasan kicin fes yake. Fasassun gilasan duk suna waje, a kan dandamalin katako na bayan gida, alamar daga ciki aka doke su. Kuma ba a warwatse suke ba. An share su, an tara a kusurwa, ga tsintsiya nan an jingine.

"Hajiya, ke kika share nan?"

"Ban taɓa komai ba," in ji matar gidan daga bakin ƙofa. "Haka na tarar."

Davou ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Shekararsa ashirin da shida a wannan aiki, bai taɓa cin karo da ɓarawon da ya damu kada mai gida ta taka gilashi ba.

Hajiya Furera shekararta sittin da uku. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, hannuwanta sun sha sabon lalle. Mijinta, Malam Sirajo, ya yi shekara ashirin da bakwai yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Ya rasu a watan Janairu. Mako uku ke nan da ta fita takaba.

"Ƙarfe nawa kika bar gida?"

"Sha biyu. Na je Hyattsville wajen ƙawata ta yi mini lalle. Uku da rabi na dawo."

"Me aka ɗauka?"

"Ga talabijin can, ga gwal ɗina a durowa, ko taɓa shi ba a yi ba. Ambulan guda aka ɗauka. Fasfo ɗina yana ciki, da takardar zama 'yar ƙasa, da tikitin jirgi."

"Jirgin sama?"

"Na ruwa. Irin na yawon shaƙatawa. Kwana bakwai, daga Baltimore zuwa Bermuda a dawo. Gobe ƙarfe huɗu zai tashi, biyu da rabi suke rufe ƙofa."

"Da wa za ki tafi?"

Ta dube shi, irin duban wadda ta gaji da tambaya guda. "Kai ma, Sufeto? Ni kaɗai za ni."

Davou ya ji kunya, ya sunkuyar da kai kan littafinsa. Sannan ta yi masa bayani. Malam ne ya yanki tikiti biyu bara, don cikar aurensu shekara arba'in. Ita 'yar Daura ce, ya daɗe yana tsokanarta cewa babban ruwan da ta sani shi ne na randa, wata rana sai ya kai ta inda ba a hangen ƙasa ta kowane gefe. Ciwo ya riga shi. Kamfanin jirgin ya ɗage mata ranar sau ɗaya, ya ce ba zai ƙara ba. Gobe kuma Lahadi, ba ofishin da zai buɗe ya ba ta wani fasfo.

"Ina kika ajiye ambulan ɗin?"

"A aljihun gafakar Malam."

Ta kai su ɗakin kwana. Gafakar tsohuwar jakar fata ce, ja, wadda marigayin ke ajiye Alƙur'aninsa rubutun hannu a ciki. Wurinta kan wata 'yar kanta ne kusa da gado. Yanzu tana can saman kabad, an shimfiɗa mata tawul mai tsabta, an ɗaure igiyarta da kyau. An zazzago durowa biyu a ƙasa don a ce an yi bincike, amma ko tufa ɗaya ba ta faɗo kusa da darduma ba.

Davou ya leƙa banɗaki. Buta tana gefen baho, jiƙe, da sauran ruwa a ciki. Silifas ɗin banɗaki ma jiƙe suke, an juya su suna fuskantar ƙofa.

"Ɓarawo ya wanke hannu," in ji Jerome. "Sai me?"

"Ba hannu kaɗai ya wanke ba," in ji Davou. "Alwala ya yi. Mutanen nan ba sa taɓa littafin can sai da tsarki. Wanda ya shigo ya san inda fasfo yake, ya san abin da zai taɓa kafin ya kai gare shi, kuma yana tsoron Allah."

"Ɓarawo mai tsoron Allah."

"Su suka fi wuyar kamawa. Kowa yana gaishe su."

Ƙarfe biyar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka fito. Na farko Dokta Misbahu ne, ɗan farin Hajiya, likita mai zama a Woodbridge. Na biyu tsoho ne siriri mai dogara sanda, Alhaji Maitama, aminin marigayin. Tare suka baro Kano, tare suka yi aiki a gidan rediyo, shi ne ma ya yi masa wanka ranar da ya rasu.

"Sannu Hajiya, Allah ya kiyaye gaba," in ji tsohon. Ya zauna a kujerar da ta fi nisa da ita.

"Mama, kina lafiya dai?" in ji Misbahu.

"Lafiya lau, Likita." Ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a Amurka.

Davou ya ja Misbahu waje.

"Su wa ke da makullin gidan nan?"

"Mama, da ni, da Baffa Maitama. Baba ne ya ba shi tun da daɗewa."

"Kana goyon bayan tafiyar nan?"

"Gaskiya a'a. Mace mai shekarunta, ba muharrami, a tsakiyar teku? Jama'a sun fara magana. An ce mun yar da ita."

"Ina kake daga sha biyu zuwa uku?"

"Asibiti. Ina kan aiki."

Davou ya taka zuwa motar Misbahu, ya leƙa ta gilashin gaba. Ga wata 'yar takardar wurin ajiye mota a kan allon gaban direba.

"Asibitin naku ya koma tashar jirgin ruwa ta Baltimore ne? Takardar nan ta yau ce. Ƙarfe ɗaya da minti goma."

Likita guda, mai 'ya'ya uku, sai ga shi yana sosa ƙeya kamar ɗan firamare. "Don Allah, Sufeto, kada ka faɗa mata. Na je ne in roƙa su ba ni ɗaki a jirgin, in bi ta a ɓoye. Ko daga nesa in riƙa ganinta. Suka ce a cike yake, kuma ba a nan ake sayarwa ba ma."

Davou ya rubuta. Ƙarya ce ya yi, amma ƙaryar ta wanke shi: mai neman bin jirgi ba ya sace fasfon da za a shiga jirgin da shi.

Ya koma falo wajen tsohon.

"Alhaji, yaushe rabonka da gidan nan?"

"Tun ranar fitar takaba. Gwiwar nan ta hana ni sakat."

"Yau fa?"

"Ina gida a Hyattsville tun safe. Sai da yaron nan ya biyo ya ɗauke ni."

"Makullinka fa?"

"Yana wani wuri a gida. Na manta inda na sa."

Ya faɗi duk wannan idonsa na kan sandarsa. Davou ya yi masa godiya cikin ladabi, bai ƙara tambaya ba.

Kafin rana ta faɗi ya ƙwanƙwasa gidan maƙwabciya. Constance tsohuwar malamar makaranta ce, Ba'amurkiya, wadda ta san duk abin da ke faruwa a layin amma ta rantse ba ta sa ido.

"Ban ga kowa ba," ta ce da Turanci. "Ina baya ina ba furanni ruwa. Amma na ji waƙa."

"Waƙa?"

"Irin wadda marigayi yake yi da abokinsa duk Juma'a da yamma, a dandamalin bayan gida. Shekara goma sha biyar ina jin su. Ɗaya ya ja, ɗaya ya karɓa. Yau ta taga ta fito, wajen ƙarfe ɗaya. Na ɗauka kaset ne ta kunna."

"Me ya sa yanzu kike shakka?"

"Murya ɗaya ce. Kuma tana tsayawa, kamar tana jiran a karɓa. Minti ashirin ana yi. Bayan nan na ji ƙarar gilashi, na ce kofi ne ya faɗi."

Da safiyar Lahadi, ƙarfe tara, Davou ya dawo tare da Jerome. Ya tarar da akwatin Hajiya a bakin ƙofa, a shirye, ita kuma tana zaune kusa da shi da mayafinta. Ba fasfo, ba tikiti, amma ta shirya. Abin ya taɓa zuciyarsa ƙwarai.

"Hajiya, ina son ki buɗe gafakar ki duba mini ciki. Ni ba zan taɓa ba."

Ta yi alwala, ta sauko da ita, ta kwance igiyar. Ta ɗaga takardun a hankali har ta kai wurin wani jan zare. Sai hannunta ya tsaya.

"An gusar da shi."

"Me aka gusar?"

"Alamar. A tsakiyar izu na arba'in da uku suka tsaya, ranar Juma'ar da ciwon ƙirji ya kama Malam. Wata biyar ban taɓa zaren nan ba. Kullum sai na buɗe na dube shi a inda ya bar shi." Ta ɗago kai. "Yanzu yana kan farkon na arba'in da huɗu."

"Wani ya ƙarasa izun ke nan."

Ba ta tambaya ko wane ne ba. Ta ɗaure igiyar, ta rungume gafakar, ta ce, "Sufeto, sa mini akwatin nan a mota."

Alhaji Maitama yana zaune ne a hawa na biyu na wani gidan haya a Hyattsville, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Sun same shi ƙarfe goma sha ɗaya, sanye da farar riga da hula, yana zaune a kujera yana fuskantar ƙofa kamar mai jiran baƙi.

"Alhaji," in ji Davou, "an doke gilashi daga ciki, don haka mai makulli ne. An share gilasan. An yi alwala. An ɗora Alƙur'ani a sama. Duk wannan mutum uku za su iya. Amma mutum ɗaya ne a duniya zai shiga gida sata, ya ga an tsaya a tsakiyar izu, ya kasa fita sai ya ƙarasa."

Tsohon ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da ambulan, ya ajiye a kan tebur.

"Na yi niyyar minti biyu ne," ya ce. "Tasi na ɗauka, na sauka a bakin layi. Da na buɗe na ga zaren, sai na ji kamar marigayi ya ce, 'Maitama, ja mana.' Na ja. Ina kai ƙarshen aya sai in tsaya in jira shi." Ya dubi Davou. "Gilashin kuwa na fasa ne don kada a zargi Misbahu."

"Me ya sa, Yaya?" in ji Hajiya Furera. Ba faɗa a muryarta.

"Ke kika ja, Hajiya. Ranar Talata kika bugo mini waya kika ce in yafe miki. Kika bi kowa kina neman gafara. Kika raba rigunan marigayi kaf. Sannan kika ce za ki tsakiyar teku ke kaɗai. Me kike so in ɗauka? A asibiti ya kama hannuna ya ce, 'Ka kula mini da ita.' In bar ki ki tafi inda ba ki da niyyar dawowa?"

"Subhanallahi! Ni Furera? Haba Yaya, kai da ka yi Hajji sau biyu, akwai mai doguwar tafiya bai nemi gafarar mutane ba?"

"Mu huɗu muka zo ƙasar nan," in ji shi, kamar bai ji ta ba. "Biyu sun tafi. In ruwa ya tafi da ke, wa ya rage da ya san ni tun ina da baƙin gashi?"

Hajiya ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"To saurara, in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Wata huɗu da kwana goma gidana bai taɓa zama ba kowa ba. Daga Virginia, daga Baltimore, har daga New York, Allah ya saka musu da alheri. Amma duk sanda hawaye ya zo mini, kafin ya sauka, sai wata ta dafa ni ta ce, 'Yi haƙuri Hajiya, addu'a yake buƙata ba kuka ba.' Sai in haɗiye. In shiga ɗaki, a biyo ni. In shiga banɗaki, a ƙwanƙwasa a ce lafiya? Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, Yaya, har yau ban yi masa kuka ba. Wurin da ba wanda ya san ni nake nema. In zauna inda ya ce zai kai ni, in yi kukana in ƙoshi, in wanke fuska, in ci abincin da ba ni na dafa ba. Ranar Lahadi mai zuwa in dawo gidana, in Allah ya yarda."

Alhaji Maitama ya rufe fuska da hannu biyu. Jerome, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, ya juya yana karanta kalandar da ke bango.

"Ki yafe mini," in ji tsohon.

"Na yafe. Amma gilashina sai ka gyara."

Ta ɗauki ambulan, ta duba fasfo da tikiti, ta sa a jaka. Sannan ta miƙa masa gafakar.

"Saura izu goma sha bakwai. Ka ƙarasa masa kafin in dawo. In ka kai ƙarshen aya, ka wuce kawai, yana ji."

Davou ya dubi agogo. Sha biyu da rabi.

"Alhaji, an riga an shigar da rahoto. Ko Hajiya ta janye, dole ka bi ni ofis ka ba da bayani ka sa hannu."

Tsohon ya miƙe, ya miƙo hannuwansa biyu a haɗe, da gafakar a hammata. Davou ya dubi siraran hannuwan nan, ya ɗauko sandar da ke jingine ya danƙa masa a maimakon ankwa. Ya riƙe shi a gwiwar hannu suka sauka matakala ɗaya bayan ɗaya.

"Ofis ta nan yake," in ji Jerome da suka hau babbar hanya, yana nuna kudu.

"Yau ta Baltimore ake bi," in ji Davou.

Ƙarfe biyu saura minti goma suka isa tashar. Misbahu, wanda Davou ya sanar da shi ta waya, yana can ya riga su, da ledar maganin jiri da ba wanda ya aike shi. Hajiya ta karɓa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Likita. Ka koma wajen iyalinka." Ta ja akwatinta da kanta ta shiga layi tsakanin Turawa masu gajeren wando da manyan huluna, ba ta waiwayo ba.

Doka ba ta ce a jira jirgi ya tashi ba, amma Davou bai tada mota ba. Suka tsaya su uku a jikin shingen wurin ajiye motoci, da Misbahu a gefe. Ƙarfe huɗu jirgin ya yi wata doguwar ƙara, ya fara ja da baya, ƙato kamar unguwa guda. A sama ana kiɗa, mutane suna ɗaga hannu.

Can ƙarshen jirgin, nesa da masu kiɗa, wata mace mai shuɗin mayafi tana tsaye ita kaɗai. Ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta sunkuya, kafaɗunta suna rawa.

"Ga ta can," in ji Alhaji Maitama. "Wayyo, kuka take yi!" Ya ɗaga sanda, ya tattaro duk muryar da ya yi shekaru yana karanta labarai da ita. "Hajiya! Yi haƙu—"

Davou ya dafa kafaɗarsa.

"Alhaji, ƙyale ta."

Tsohon ya sauke sandar a hankali. Ya tsaya yana kallo har mayafin ya ɓace masa. Sannan ya gyara gafakar a hammata, ya share ido da bakin hannun riga, ya juya wajen motar 'yan sanda.

"Mu je, Sufeto. A gama da wuri, ina da karatu."